Taimlas: Hoto Ɗari, Amma Bidiyo Sakan Huɗu Kacal?

Jama'a, barkanmu da warhaka. Kwanan nan kowa na son haɗa taimlas, wato irin bidiyon nan da gajimare ke tsere, motoci na wucewa fuu. Kuma ƙorafin ɗaya ne: “Malam, na ɗauki hoto ɗari, da na haɗa sai bidiyon ya ƙare kafin in ƙifta ido.” Wayarka lafiyarta ƙalau. Lissafi ne ya kuɓuce maka.

Bidiyo hotuna ne da ake jerawa da sauri. A kowane sakan ɗaya, hoto 25 ke wucewa, wasu kan sa 24 ko 30. Raba 100 gida 25, ka ga huɗu ke nan. To ashe daga ƙarshe ake farowa. Sakan nawa kake so? Goma? Hoto 250. Ashirin? 500. Babu ragi, nan ba kasuwar Muda Lawal ba ce.

Sai tazarar da ke tsakanin hoto da hoto, ita kuma saurin abin da kake ɗauka ne ke yanke ta. Ku dubi shataletalen Wunti na Bauchi da yamma. Keke Napep da masu tafiya a ƙasa, sakan ɗaya zuwa biyu ya isa. In ka sa goma, mutum zai bayyana a nan ya ɓace a can, ido ba zai iya bin kowa ba. Hadarin Agusta, sakan biyu zuwa uku. Faɗuwar rana a dam ɗin Gubi, biyar.

Yanzu ninka. Hoto 300 sau sakan biyar, sakan 1,500, wato minti 25 kana tsaye, duk don bidiyon sakan 12. Saboda haka in ana saura minti goma rana ta faɗi ka iso, ka makara, sai gobe. Ni a ganina, in kana shakka, gara ka matse tazarar. Hoton da ya yi yawa ana iya zubarwa, wanda ba a ɗauka ba kuwa ba shi da magani.

Sauran kam a gurguje. Kafa kyamarar a kan sanda mai ƙafa uku, kada a taɓa. Juya ta zuwa M, wato inda kai ne ke saita komai da hannunka, kulle haske, launi da saitin ganin hoto. In ka bar ta tana zaɓa da kanta, hoto ɗaya zai yi haske, na gaba ya yi duhu, bidiyon ya riƙa walƙiya. Tanadi fawa bank, ka kuma yi wa wayar inuwa, don zafin Afrilu na iya kashe ta a tsakiyar aiki. Da hunturu kuma kada ka wahalar da kanka da sama, ƙura ce zalla, ba abin da ke motsi.

A kwamfuta, zuba hotunan a folda ɗaya, lambobinsu a jere ba giɓi, domin giɓi na yanke jerin. Manhajojin haɗa bidiyo DaVinci Resolve da Premiere Pro duk suna iya karanta su a matsayin bidiyo guda. Ka dai duba saurin yana kan 25. Manhajojin waya kuwa sukan ba kowane hoto sakanni, sai aikin ya koma kamar albam ɗin biki. Rage tsawon kowanne iya yadda ta yarda, fitar da bidiyon, sake shigo da shi, sannan ka ƙara masa gudu har ya sauko tsawon da ka lissafa.