Fagen Bijimai a Kan Dutse: Mu Leƙa Ƙauyen Mijas

Assalamu alaikum jama'a. Wannan farin garin da kuke gani manne a jikin dutse ana rubuta sunansa Mijas, masu garin kuwa "Mihas" suke cewa. Yana kudancin Sifaniya ne, a lardin Malaga, ƙasar da littattafan tarihinmu suka sani da Andalus. Daga bakin teku zuwa nan hawa ne na sama da mita 400, hanya tana ta murɗewa, gidaje kuma duk sun sha farar ƙasa, idan rana ta take sai ka kare ido da hannu. A tsakiyar gari jakuna ne a jere, kowane da lambarsa, su ne tasi. Tun shekarun 1960 baƙi ke biya a zagaya da su. Mu dai a ƙafa za mu haura, don abin da ya kawo mu yana can sama, kusa da tsohuwar ganuwa.

To ga shi nan. Fagen wasan bijimai ne, an gina shi a 1900. Ku dubi siffarsa da kyau. Galibin irin waɗannan fagage zagayayyu ne kamar faifai, don kada bijimi ya sami lungun da zai maƙale ya juya wa bango baya. Na Mijas kuwa kamar ƙwai yake, domin a kan fa aka ɗora shi, dutsen ne ya yanka wa magina iyaka. Ƙarami ne ƙwarai. Na birnin Ronda da aka buɗe a 1785, faɗin filinsa mita 66 ne. Las Ventas na Madrid yana cin mutum sama da 23,000. Nan kuwa, wanda ya zauna a sahun gaba zai ji hucin bijimi a kunnensa.

Mu sauka kan rairayin. Kun ga wannan allon katako da aka kafa gab da bango? Sunansa burladero. Ratar da ke bayansa daidai jikin mutum ce in ya shiga a kaikaice, bijimi ba ya iya bi. Can kuma ga ƙofar toril, inda ake sako shi daga duhu zuwa hasken rana. Tsaya a nan tsakiya, ka fuskanci ƙofar, ka ƙaddara yanzu za a zare sakata, abu mai nauyin kusan rabin tan ya fito a guje. Ko babu komai a bayanta, sai ka ji gabanka ya faɗi.

Kujeru ma ba ɗaya suke ba. A al'adar wasan, manyan nau'o'in tikiti su ne sol, wato rana, da sombra, inuwa. Mai hali ya sayi inuwa, talaka ya sha rana.

Yaya wasan yake? A cikakken wasa bijimai shida ake kashewa, gwanaye uku, kowane biyu. Sunan gwanin matador, ma'anar kalmar kuwa mai kisa. Kowane bijimi ana gamawa da shi cikin kamar minti 20, a zango uku. Da farko mahayin doki, picador, zai caka masa mashi a doron wuya don ƙarfinsa ya ragu, kansa ya sunkuya. Dokin an rufe masa ido, an sa masa lifidi mai kauri. Sai a ƙarshen shekarun 1920 aka wajabta lifidin nan, kafin haka dawakai da yawa ƙaho ke farke wa ciki a gaban jama'a. Zango na biyu, a kafa masa sanduna masu ƙugiya, biyu-biyu har sau uku. Na ƙarshe, matador ya fito shi kaɗai da jan ƙyalle da takobi. Mutane na cewa ja ne ke tunzura bijimi. Ba haka ba ne, idonsa ba ya bambance ja, motsin ƙyallen yake bi. Idan gwani ya burge, 'yan kallo su ɗaga fararen hankici, shugaban fage ya ba da izini a yanko kunnen bijimin a miƙa masa. Gawar kuma alfadarai ke janye ta, naman ya tafi kasuwa.

Na san tun ɗazu wani ya ce a ransa, "Ai wannan hawan ƙaho ne." Akwai kama, amma da nisa. A namu, ɗan mahauta ne ke rungumar ƙaho da hannu da ƙirji, kalangu na tashi, sa yana da ƙarfinsa. In za a yanka, a kayar da shi, a sa wuƙa mai kaifi lokaci guda. Nan kuwa sai an zubar masa da jini, an gajiyar da shi, sannan a tunkare shi. Ba na musun jarumtar matador, ƙaho ya kashe da yawa daga cikinsu. Amma zuciyata ba ta karɓi wannan wasa ba. An koya mana mu wasa wuƙa mu hutar da abin yanka, an kuma hana mu mai da abu mai rai abin gwada saiti.

Su ma 'yan Sifaniya kansu a rabe yake. Majalisar yankin Kataloniya da ke arewa maso gabashin ƙasar ta haramta wasan a yankinta a 2010, kotun tsarin mulki ta soke haramcin a 2016, bayan wata doka ta 2013 ta sa shi cikin al'adun gado na ƙasa. A 2024 kuma ma'aikatar al'adu ta soke kyautar ƙasa da take ba gwanayensa. Wanda ya gaji abin daga kakanni zai ce maka fasaha ce, kuma ba don fage ba da irin wannan bijimin ya ɓace. Matasa da yawa kuwa zalunci suke kiransa.

Ba sai ka kalli jini ba kafin ka ga wurin. A yawancin ranaku fagen shiru yake, baƙi ne kawai ke shiga suna taka rairayi suna ɗaukar hoto.

In ka fito, kada ka yi saurin gangarawa. Cocin nan da ke kusa, a gurbin tsohon masallaci aka gina shi, don Musulmi ne suka riƙe garin har 1487, shekarar da birnin Malaga ya faɗa hannun Kiristoci. Bi ta lambun ganuwa zuwa bakin dutse. Garin da ke ƙasa Fuengirola ne, wanda Larabawa ke kira Suhail. Bayansa Bahar Rum. Idan sama ta washe, wancan duhu-duhun da ke can ƙarshen ruwa duwatsun Maroko ne.