Allurar Mai da Aljihun Direba

Masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci.

"Cika min tanki." Wannan magana ta fara wuya a bakin direbobi. Yanzu mutum yakan leƙo ta taga ya faɗi abin da aljihunsa zai iya, a zuba masa gwargwado, ya tada mota ya ƙura wa allurar mai ido. Kuɗin jiya ya bayar, amma allurar ba ta kai inda ta tsaya jiya ba. Kafin a karanta labarin tashin farashi a rediyo, shi ya riga ya gani a gabansa.

Sau da yawa yaron da ke riƙe da bakin famfo ne ke shan baƙar magana, alhali an bar jaki ne ana dukan taiki. Farashin daga nesa yake tasowa. Gangar ɗanyen mai lita 159 ce, kuma idan aka tace ta, fetur ɗin da ke fita bai cika kai rabi ba; sauran dizal ne, da man jirgin sama, da kwalta da makamantansu. Duniya na shan kimanin ganga miliyan 100 a kullum, kuma wajen kashi ɗaya cikin biyar na wannan man ta mashigin Hormuz yake bi, wani siririn ruwa tsakanin Iran da Oman. Da dala ake cinikin. Saboda haka ko ganga ba ta motsa ba, idan kuɗin ƙasarka ya faɗi, litarka ta tashi. Sai a ɗora kuɗin tacewa, da dako, da haraji, wanda a ƙasashen Turai da dama yakan kai wajen rabin abin da direba ke biya.

Ba yau aka fara ba. A 1973, lokacin yaƙin Larabawa da Isra'ila, ƙasashen Larabawa suka hana wa Amurka da wasu ƙawayenta mai, ganga ta tashi daga kimanin dala 3 zuwa kusan 12 cikin 'yan watanni. A wasu jihohin Amurka sai da aka raba ranakun shan mai bisa lambar mota, a Holan kuwa aka hana fita da mota ranar Lahadi. A Yulin 2008 ganga ta kai dala 147, kafin shekarar ta ƙare ta faɗo ƙasa da 40. A 2022, da Rasha ta afka wa Yukiren, ta sake haura 120.

To, ga inda abin yake yi wa direba ciwo. Idan ganga ta tashi yau, gobe da safe an sauya lamba a allon gidan mai. Idan ta sauko, sai a yi makonni ana jiran tsammani. Masana tattalin arziki sun daɗe da lura da haka, har suna cewa farashin mai yana tashi kamar roka, yana saukowa kamar gashin tsuntsu. 'Yan kasuwar suna da hujjarsu. Lokacin tashi sukan ce dole su tara kuɗin sarin gobe, wanda zai fi tsada. Lokacin sauka kuma sukan ce ai wanda ke cikin tankinsu da tsada suka saro shi. Kowace hujja, idan ka ɗauke ta ita kaɗai, tana da ƙamshin gaskiya. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne, in ta tashi da farashin gobe ake lissafi, in ta sauka kuma da na jiya, kuma mutum ɗaya ne ke biya duka biyun.

Sannan ba kowane mai mota ne ke jin zafin daidai ba. Wanda motar tasa ta yawon shan iska ce, sai ya ajiye ta. Direban haya fa? Mai motar yana jiran balas ɗinsa da yamma, ko mai ya tashi ko bai tashi ba. In direba ya ƙara kuɗin mota, fasinja ya yi tsaki ya juya, in kuwa bai ƙara ba, ya wuni yana yi wa gidan mai bauta. Tsakanin ranar da lita ta tashi da ranar da fasinja ya amince da sabon farashi, daga cefanen gidan direba ake cike giɓin.

Daga nan sai a fara rage wasu abubuwan da ba a gani. A ɗage juyen baƙin mai zuwa wata mai zuwa. Tayar da ta suɗe a ce ta ƙara haƙuri. A yi lodi fiye da ƙima. Mafi muni, wani yakan kashe inji a gangara don ya tsira da 'yar kwalba ɗaya, ya manta cewa a yawancin motoci birki da sitiyari da ƙarfin inji suke samun sauƙi, da zarar ya mutu sai su yi tauri. Wannan hasarar ba ta fitowa a ƙididdigar farashi, sai dai a garejin makaniki, wani lokacin ma a asibiti.

Ana yawan ba direbobi shawara: ku duba iskar taya, ku rage gudu, kada ku bar mota tana aiki a tsaye. Shawara ce mai kyau, kuma tana rage shan mai. Amma ba ta matso da wurin aikin mutum kusa da gidansa. Masu zanga-zangar riguna masu ruwan ɗorawa da suka cika titunan Faransa a Nuwamban 2018 kan ƙarin harajin mai, da yawansu mazauna karkara ne da bayan gari, inda babu jirgin ƙasa balle bas mai zuwa a kan kari. Kafin ƙarshen Disamba gwamnati ta janye ƙarin.

Gwamnatoci kan ruga su rage farashin ga kowa da kowa, ko ta tallafi ko ta sassauta haraji. Yana kwantar da hankali, amma mai manyan motoci uku ya fi mai ƙaramar tasi ɗaya kwasar rabo. Jamus ta gwada wata dabara a 2022: ban da rage harajin mai, ta fito da tikitin yuro 9 na wata guda, a hau bas da jiragen ƙasa na kusa ko'ina a ƙasar, daga Yuni zuwa Agusta. An sayar da tikiti kimanin miliyan 52. Mutanen birane sun more. Wanda bas ba ta biyowa ta ƙauyensa kuwa, da tikitin ko babu, da safe gidan mai ya nufa.