Kuɗin Haya Ba Riba Ba Ne: Lissafin Gidan Haya Daga Saye Zuwa Shigar Ɗan Haya

Masu kallo, barkanmu da wannan lokaci. Yau za mu duba harkar da mutane da dama suke ganin ta fi kowace hanyar zuba jari kwanciyar hankali, wato mutum ya sayi gida ɗaya ko biyu, ya gyara, ya zuba 'yan haya. Harkar tana da albarka, amma akwai kuskuren da ke cinye jarin masu farawa, shi ne ɗaukar duk abin da ɗan haya ya miƙo a matsayin riba.

Bari mu buga misali. Mu ƙaddara cewa duk abin da mutum ya kashe ya kama 100, ko da wane irin kuɗi ake ciniki a ƙasarsa: 80 kuɗin gidan, 5 na dillali da lauya da takardu, 15 na gyara. Idan hayar shekara ta kama 10, mai gida zai ce yana samun kashi 10 cikin 100, kuma uwar kuɗinsa za ta dawo cikin shekara 10. To, amma idan gidan ya zauna babu kowa na wata ɗaya tak, tsakanin fitar wani da shigar wani, sama da kashi 8 cikin 100 na hayar shekarar ya tafi. A cire 1 na gyare-gyaren yau da gobe, domin masu harkar sukan ba da shawarar a riƙa ware kimanin kashi 1 cikin 100 na darajar gida kowace shekara saboda wannan. A cire wani 1 na haraji da inshora, a sake cire 1 idan akwai wakilin da ke kula da gidan. Abin da ya rage bai wuce 6 da 'yan kai ba, kuma dawowar jarin ta tashi daga shekara 10 ta koma kimanin 16. Wannan adadi na biyu shi ne na gaskiya, kuma da shi ya kamata a auna gida tun kafin a taya.

Lamarin ya fi tsanani idan da bashi aka saya. Gidan da ke kawo 6 a shekara ba zai iya ɗaukar bashin da kuɗin ruwansa na shekara ya kai 9 ba, sai dai mai gida ya riƙa cikawa daga aljihunsa, yana fatan farashi zai tashi. Wannan fata ce ta kayar da mutane a Amurka. Farashin gidaje ya kai ƙololuwa a wajajen 2006, daga nan ya rikito, bankin Lehman Brothers ya durƙushe a watan Satumba na 2008, miliyoyin mutane kuma suka rasa gidajen da suka jinginar. A ganina, tashin darajar gida ƙari ne da ake maraba da shi idan ya zo, amma bai kamata ya shiga lissafin abin da zai biya bashi ba.

Bayan lissafi sai takardu. A tabbatar a ofishin da ke rajistar filaye cewa mai sayarwa shi ne mai mallaka, babu jingina, babu rikicin gado, kuma lauyanka ne zai duba, ba na mai sayarwa ba.

Yanzu mu shiga cikin gidan, domin a nan ne ake tafka asara mafi girma. Babban maƙiyin gini ruwa ne, saboda haka idan da hali, a je duba gida bayan an yi ruwan sama, ba ranar da dillali ya zaɓa kaɗai ba. A ɗaga kai a dubi silin: tabo mai launin ƙasa-ƙasa da ya yi zobe alama ce cewa rufi yana yoyo. A sunkuya a dubi gindin bango: idan fenti ya kumbura yana ɓarewa, ko aka ga farin gari kamar gishiri a jikin filasta, danshi ne ke hawowa daga ƙasa, kuma sabon fenti zai ɓoye shi ne kawai na ɗan lokaci. A ƙwanƙwasa tayil da ɗan makulli, wanda ya yi ƙarar holoƙo ya rabu da simintinsa. Inda akwai mitar ruwa, a rufe duk famfunan gidan a zuba mata ido. Idan ta ci gaba da juyawa, akwai bututun da ke zuba a ɓoye. Tsagewar bango ma iri-iri ce. Siririya kamar gashi yawanci a filasta take tsayawa, amma wadda ta taso a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, tana ƙara faɗi, ga ƙofofi sun daina rufuwa daidai, tana iya nuna cewa harsashin ginin yana motsi, kuma a nan injiniya ake kira, ba birkila ba. Gidan da aka karyar da farashinsa fiye da kima yana da dalili, domin araha ba ta ado.

Shi ma gyara yana da tsari, daga sama zuwa ƙasa, daga ɓoye zuwa sarari. A fara da rufi da magudanar ruwa, sai duk abin da ya shafi ƙarfin gini, sannan bututu da wayoyin lantarki tun bango yana buɗe, bayan haka filasta da daɓe, fenti kuma a ƙarshe. Wanda ya juya wannan tsari zai fasa tayil ɗin da ya biya kuɗinsa domin ya kai ga bututun da ya ƙi canzawa. A rubuta da ɗan kwangila abin da zai yi dalla-dalla, a riƙa biyansa mataki-mataki bayan an ga aiki, kuma a ajiye kashi 10 zuwa 20 cikin 100 a kan kasafin, saboda tsohon gida ba ya nuna duk lalurarsa sai an fara fasawa. Abu ɗaya da nake so a riƙe shi ne, ba gidan zamanka kake gyarawa ba. Kayan alatu ba kasafai suke ƙara haya daidai da kuɗinsu ba. Abin da ɗan haya ke nema shi ne ruwa mai zuwa, wuta marar haɗari, banɗaki mai tsabta da ƙofa mai kulluwa.

Daga nan sai zaman haya. Ɗan haya nagari, mai biya a kan lokaci kuma mai kula da wuri, ya fi ƙarin haya daraja, kuma lissafin da muka yi ya nuna dalili: ƙarin kashi 5 cikin 100 da zai kore shi bai kai asarar wata ɗaya na zaman gida babu kowa ba, balle a haɗa da sabon fenti da ladan dillali. Kafin a ba da makulli, a tantance hanyar samun mutum, a rubuta yarjejeniya da ta fayyace adadin haya da ranar biya, da wanda gyaran kowane abu ya rataya a wuyansa, da wa'adin sanarwa idan ɗaya zai rabu da ɗaya. A zaga gidan tare, a ɗauki hoton kowane ɗaki, kowa ya sa hannu. Duk kuɗin da aka karɓa a ba da rasit, kuma a buɗe wa gidan asusunsa dabam, kada hayar ta cuɗe da kuɗin cefane.

Idan ɗan haya ya kira ya ce famfo yana ɗiga, a tura mai gyara cikin gaggawa, domin wanda aka yi biris da ƙorafinsa sau biyu yakan daina faɗa, ruwan kuma ba zai daina cin bango ba. Idan kuwa biya ya gagara, a fara da magana da rubutacciyar sanarwa, sannan a bi matakan da dokar wurin ta shimfiɗa. Yanke wa mutum ruwa ko wuta, ko canza masa kwaɗo, zalunci ne ga iyalin da ke ciki, kuma a ƙasashe da yawa laifi ne da zai iya sa kotu ta ci mai gida tara, ko da kuwa shi ne ke bin bashi.