Minti ukun da wanzami ke jira kafin ya ciro aska

Assalamu alaikum, 'yan'uwana na Sakkwato. Ina magana da ku daga birnin Shefil na ƙasar Ingila, garin maƙeran wuƙa da aska, inda Harry Brearley ya samar da ƙarfen da ba ya tsatsa a shekarar 1913. Yau Juma'a ce, ga ni a gaban madubi da reza a hannu, na jiƙa fuska na shafa kumfar sabulu ina jiran minti uku su cika, kuma ina so mu duba abin da ke faruwa tsakanin bakin ƙarfen nan da fatar fuska.

Lokacin da nake yaro, wanzamin da ke zuwa ƙofar gidanmu ba ya ciro aska daga zabira sai ya yayyafa wa Baba ruwa a kai, ya murza da tafin hannu, sannan ya tsaya tambayar gida da iyali, har da labarin kasuwa. Na ɗauka surutu ne kawai irin na wanzamai, ashe jira yake yi ruwan ya ratsa gashi. Gashi an gina shi ne da sinadarin keratin, wanda shi ne kuma ke cikin farce, shi ya sa yake da tauri idan yana bushe. Amma idan ya sha ruwa na minti 2 zuwa 3, yakan kumbura ya yi laushi, har ƙarfin da ake buƙata wajen yanke shi ya ragu da fiye da rabi. Kumfar sabulun da kuke gani a haɓata aiki biyu take yi: tana hana ruwan bushewa, tana kuma sa reza ta zame a kan fata maimakon ta riƙa kartar ta.

Reza ba gashi kaɗai take ɗauka ba. Duk wucewar da ta yi, takan kankare wani abu daga matattun ƙwayoyin da ke saman fata, waɗanda su ne ke tsare danshin jiki. Wanda ya bi wuri ɗaya sau huɗu ko biyar ya riga ya jawo wa kansa raɗaɗi, musamman a lokacin hunturun Sakkwato da fata ke bushewa tun kafin a taɓa ta.

Yanzu ku matso ku ga wuyana. Waɗannan baƙaƙen tabo na same su ne a watannina na farko a nan, bayan na sayi wata reza mai baki 5 saboda na ga ta fi sauran tsada. Dabarar jera baki fiye da ɗaya ta yaɗu ne tun 1971, lokacin da kamfanin Gillette ya fitar da reza mai baki 2. Bakin farko yana ɗan jan gashin waje, na biyu ya yanke shi kafin ya koma, sai guntun da ya rage ya nutse ƙasa da fata. Ga mai miƙaƙƙen gashi, wannan sumul ne kawai. Gashinmu kuwa nannaɗe yake tun daga tushe, don haka idan ya fara tsirowa da kaifin da reza ta bar masa, sai ya lanƙwasa ya soki fata, jiki kuma ya ɗauke shi tamkar ƙaya, ya tara ƙuraje a wurin. A ganina, reza mai baki ɗaya ta fi dacewa da mu, a bi kwanciyar gashi, kada kuma a ja fata ana neman sumul ɗin da ya wuce kima.

Akwai kuma batun dakushewa. A shekarar 2020, masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun nuna cewa gashi, duk da ya fi ƙarfe laushi kusan sau 50, yana iya ɓantarar bakin reza idan ya lanƙwasa yayin yanka. Rezar da ta ɓantare fizgar gashi take yi, kuma da zarar na ji wannan fizgar nakan canza ta.

Minti ukuna sun cika. Zan fara daga saje in gangaro a hankali, ina ɗauraye rezar bayan kowane ja, idan na gama in wanke da ruwan sanyi, in goga alif, sannan in shafa man kaɗanyar da Inna ta aiko mini.