Ranar da Meropenem Ya Ƙi Ci

An rubuto wannan daga faifan wata lacca da aka gabatar a Zariya.

Assalamu alaikum. Malamaina, 'yan uwa ma'aikatan lafiya, ɗalibai, da iyayenmu da suka taso daga Tudun Wada da Sabon Gari da cikin birni, sannunku da zuwa. Na baya can kuna jina? To, madalla.

Akwai alluran da ba a ɗauko su sai abu ya yi tsanani. Danginsu ake kira kabapenem, irin su meropenem da imipenem. Su ake nema idan jariri ya kamu da cutar jini, ko ɗinkin tiyata ya yi ruwa ya ƙi warkewa, bayan an gwada su ceftriaxone ba su ci ba. Duk wanda ya taɓa jinya ya san tsadarsu, sau da yawa sai dangi sun yi karo-karo. To, akwai ranar da za a haɗa kuɗin, a sayo, a yi allurar, zazzaɓi kuma ya ƙi sauka. A kan wannan ranar zan yi magana.

Sai ka ji ana cewa jikinsa ne ya saba da magani. A'a, Baba, ba jikin ba ne. Bakteriyar ce ta samu wata ƙwayar gado da ke sa ta fitar da sinadarin da ke datse maganin kafin ya taɓa ta. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, wannan ƙwayar gado galibi tana zaune ne a kan wani ɗan zoben DNA mai suna filasmid, wanda bakteriya ke miƙa wa juna kamar yadda maƙwabta ke miƙa aron almakashi ta saman katanga. Bakteriyar Klebsiella ta ba bakteriyar E. coli, ita ma ta ba wata, ko da ba danginsu ɗaya ba.

Ɗalibai, ku rubuta sunayen waɗannan ƙwayoyin gado. KPC an fara samunta a Amurka, a jihar Karolina ta Arewa, cikin 1996. OXA-48 a Istanbul ta Turkiyya, 2001. NDM kuwa a 2008, a jikin wani mutum a Suwidin da ya yi jinya a birnin Delhi na Indiya. Akwai kuma VIM da IMP. NDM da dangin OXA-48 duk an same su a asibitocin Najeriya, don haka ba labarin nesa nake ba ku ba.

Me ya sa nake matsa muku da sunaye? Domin magani ya danganta da wacce ce a ciki. Akwai sabon haɗi, ceftazidime da avibactam, yana cin mai KPC da mai OXA-48, amma shi kaɗai ba ya taɓa mai NDM. Likitan da bai san wacce ke gabansa ba zai iya sa iyali su sayar da akuya da hatsi a kan maganin da tun farko ba zai yi aiki ba. In ba haka ba a koma ga colistin, tsohon magani mai wahalar da ƙoda.

A ɗakin gwaji abin a fili yake. Za a shuka bakteriyar a faranti, a ɗora 'yan ƙananan fayafayan takarda, kowanne da maganinsa. Washegari, inda magani ya ci za ka ga fili fes kewaye da faifan. Ranar da ka ga bakteriya ta tsiro har ta manne da faifan meropenem, wallahi sai jikinka ya yi sanyi, don ka san akwai mutum kwance a bayan farantin nan. Gwajin yana cin kwana biyu zuwa uku, gano ƙwayar gadon kuma sai da gwajin DNA mai suna PCR ko makamancinsa. Roƙona ga likitoci: a ɗebi jini ko fitsari kafin allurar farko. Ku kuma iyaye, kuɗin gwajin nan ba asara ba ne.

Mujallar Lancet ta wallafa a 2022 cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda bakteriyar da ta fi ƙarfin magani, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce kan gaba. Muna da hannu a ciki. Kafso biyu daga kemis don mura, ceftriaxone ga kowane zazzaɓi, magani cikin ruwan kaji. Haka ƙananan magungunan suka mutu, dole ta sa ake hawa zuwa meropenem.

A ɗakin marasa lafiya kuwa, hannu ne babbar hanyar yaɗuwar bakteriyar. Hannun likita, hannun nas, robar fitsarin da ta daɗe ba a cire ba. Har da mai jinya, baiwar Allah, da za ta juye wa na gadon kusa fo saboda tausayi, ta dawo ta ba nata majinyacin kunu. Kar ta daina taimakon, Allah Ya ba ta lada, amma a sa mata ruwa da sabulu kusa.

Hajiya a can tana tambaya ko mai lafiya zai iya ɗauke da ita. Ƙwarai kuwa, Hajiya. Tana iya zama a hanji wata da watanni ba ciwon komai, kuma ba a ba da magani a kan haka. Amma idan za a kwantar da mutum, kuma ya taɓa kwanciya a wani asibiti cikin shekarar, nan gida ko Indiya ko Masar, a gaya wa likita tun a ranar farko.