Mutum ɗaya, maki uku: lacca ga 'yan uwa mazauna Bronx kan bashin sayen gida

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena, malamai, 'yan uwa maza da mata, sannunku da fitowa cikin wannan sanyi.

Kwanakin baya wani ɗan uwa direban tasi ya same ni da takarda a hannu, ransa a ɓace. Shekara tara yana tara kuɗin kafin alƙalami na gida. Wayarsa ta nuna masa makin kiredit 720, wato lambar da ke nuna yadda mutum ke biyan bashi. Da ya je wurin masu ba da bashin gida, sai aka fito masa da lamba uku: 705, 668 da 651, aka ce da 668 za a yi aiki. Ya ce mini, "Malam, an cuce ni." Abin ya taɓa ni, domin gumin mutum ne, kuma babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya yi masa bayani.

To jama'a, a nan Amurka kamfanoni uku ne ke riƙe da tarihin bashin kowa: Equifax, Experian da TransUnion. Ba na gwamnati ba ne, 'yan kasuwa ne, kowa da littafinsa, kuma ba sa kwafa daga na juna. Bankin da ya ba ka katin bashi, ko wanda ya ba ka mota, doka ba ta tilasta masa kai rahoto wurin duka ukun ba. Wani biyu yake kai wa, wani ɗaya. Ko sun kai ma, ba rana ɗaya suke kaiwa ba. Ka biya katinka ran Litinin, wannan littafi ya nuna ka biya, wancan har yanzu yana nuna dala dubu biyu a wuyanka.

Sai ma'auni. Hatsi ɗaya ne, amma wanda ya auna da mudu da wanda ya auna da tiya ba za su kira lamba ɗaya ba. Akwai FICO, wanda ya fito a 1989, akwai VantageScore, wanda kamfanonin nan uku suka haɗu suka kafa a 2006. Duka daga 300 zuwa 850 suke kirgawa, shi ya sa mutane ke ɗauka abu ɗaya ne. Wanda manhajar Credit Karma ke nuna maka a waya VantageScore ne. Masu ba da bashin gida kuwa, shekara da shekaru tsofaffin samfuran FICO suke dubawa: FICO 2 daga Experian, FICO 4 daga TransUnion, FICO 5 daga Equifax, saboda su Fannie Mae da Freddie Mac, masu sayen waɗannan basussuka daga bankuna, suka saba nema. Idan ukun suka fito, na tsakiya ake ɗauka. Idan kuma maigida da uwargida suka nema tare, yawanci ƙaramin na tsakiyar ne ke yanke farashin da za a ba su.

Yanzu ga abin da ya fi shafar mu. Sunayenmu. Fasfo ya ce Mohammed, lasisin tuƙi ya ce Muhammad, takardar banki ta ce Mamman. Da yawanmu 1 ga Janairu aka rubuta mana a matsayin ranar haihuwa. Mu biyar a gida ɗaya, biyu Ibrahim Abubakar. Kwamfuta ba ta san ɗan Nima ta Accra daga ɗan Zinder ba. Sai ta ɗauki bashin wani ta zuba a fayil ɗinka, a littafi ɗaya kawai, sauran biyun lafiya ƙalau.

Na san wasu za su ce su ba ruwansu, riba haramun ce. Allah ya ƙara mana tsoronsa. Amma kamfanonin da ke sayar da gida ta hanyar musharaka, wato haɗin gwiwar mallaka, su ma wannan maki suke dubawa. Kuma adashen da Hajiya ta yi shekara goma ba ta taɓa fashi ba, ko ɗaya a cikin littattafan nan bai san da shi ba. Wannan yana yi mini ciwo ƙwarai.

Doka ta ba ku haƙƙi tun 1970. Ku shiga AnnualCreditReport.com ku ciro rahotannin uku kyauta, wata shida kafin ku nemi gida, ku jera su a tabarma ku bi layi-layi. Abin da ba naku ba, ku rubuta ƙorafi, kamfanin yana da kwana 30 ya bincika. Biya a kan lokaci shi ne kashi 35 cikin ɗari na makin FICO, yawan bashin da ke kanka kashi 30, don haka ku rage bashin katin kafin ranar da banki ke rufe lissafin wata. In za ku zagaya neman farashin bashin gida, ku yi shi cikin kwana 14, domin duk leƙen da masu ba da bashi suka yi wa fayil ɗinku a ƙirga shi sau ɗaya.

Ɗan uwan nan, da muka zauna da takardunsa, a biyu daga cikin littattafan muka ga bashin wata mota da bai taɓa hawa ba, na wani mai irin sunansa. Ya aika ƙorafi, yana jiran amsa. Mai tambaya ya ɗaga hannu, bari mu fara da ɓangaren iyayenmu mata.