Darasi: Idan send Ya Tura Rabin Saƙo

Jama'a, sannunku da zuwa. Soket ɗinmu, wato ƙofar da manhaja ke turawa da karɓar bayanai ta hanyar sadarwa, a haɗe yake tun darasin baya, don haka ba zan koma kan matakan shirya shi ba.

Ku dubi allon nan. Saƙonmu bayit 1000 ne (bayit ma'aunin girman bayanai ne), amma send, umarnin da ke tura saƙo, ya dawo da 600, wato iya bayit ɗin da ya ɗauka ke nan. Babu abin da ya lalace. Mun sa wa soket ɗin O_NONBLOCK, wato send ba ya tsayawa jira. Wurin ajiyar kanel, zuciyar tsarin kwamfuta, ya cika, sai ya ɗauki iya abin da zai shiga ya bar mana 400 a hannu.

To, a nan ake yin aika-aika. Za ka ji mutum ya ce ai TCP, ƙa'idar da soket ɗinmu ke bi wajen kai bayanai, yana kiyaye jeri. Haka ne, amma jerin bayit yake kiyayewa, bai san inda saƙonka ya fara ko ya ƙare ba. Tun RFC 793 na 1981, takardar da ta shimfiɗa ƙa'idar TCP, haka abin yake, kuma RFC 9293 na 2022 bai sauya wannan ba. Yadda ka zuba masa, haka zai kai. In ka tura saƙo na biyu kafin ka ƙarasa 400 ɗin nan, mai karɓa zai ga kan saƙon farko, sai na biyu, sannan wutsiyar na farko. An cakuɗa ke nan. Haka ma in zare biyu, wato ayyuka biyu da ke gudana tare a cikin manhaja, na rubutu a soket ɗaya ba makullin da zai sa ɗaya ya jira ɗaya.

Maganin shi ne kowane haɗi ya samu layin jiransa. Saƙon yana cikin buf, tsawonsa len. Ina riƙe adadin da ya tafi a cikin sent, in ci gaba daga buf... a'a, tsaya, buf + sent, tsawon kuma len - sent. Idan na ga EAGAIN, wato babu wuri yanzu, sai in jira EPOLLOUT, alamar cewa wuri ya samu. Saƙo na biyu ba ya motsi sai na farko ya fita duka. Masu Python, in soket ɗinku mai jira ne, sendall ya hutar da ku, don shi yakan yi ta turawa har saƙon ya fita duka.

Wasu kan kunna TCP_NODELAY wai ya gyara. Shi kuwa dabarar Nagle, mai tara ƙananan bayanai kafin a tura su, kawai yake kashewa, ba ruwansa da iyakar saƙo.

Don mai karɓa ya gane iyakar saƙo, ni na fi son sa bayit 4 na tsawo a gaban kowane saƙo da htonl, mai juya lamba zuwa tsarin hanyar sadarwa. Amma ku lura da kyau, su kansu huɗun nan suna iya zuwa biyu-biyu! Ka tara har su cika, sannan ka kira ntohl ya mayar da lambar yadda take. In recv, umarnin karɓa, ya dawo da 0 kana tsakiyar saƙo, mai turawa ya rufe ne, ka zubar da guntun, kada ka miƙa shi gaba. Bari in rage SO_SNDBUF, wato girman wurin ajiyar turawa, mu gani a aikace.